Alƙahira: Birnin Da Ke Kwashe Kasuwanninsa Zuwa Hamada

   Yau so nake mu ɗan leƙa Alƙahira, babban birnin Masar, mu ga da me mutanensa ke ci, domin akwai wani abu da ya daɗe yana faruwa ga 'yan kasuwar can, wanda a ganina ya riga ya iso ƙofarmu mu ma.

Yawancinmu in an ce Masar abu uku ne ke faɗo mana a rai: Azhar, asibiti, sai jallabiya. Ni ta jallabiyar na san ta, don mahaifina yadi da jallabiyoyi da abaya yake sayarwa, kuma wani kaso na kayan shagonmu daga Alƙahira yake tasowa, ya sauka Kano, sannan ya gangaro mana Ikko. Tun ina yaron ɗaure kaya nake jin sunayen Ataba da Muski a bakin fataken da ke zuwa saro. Wannan ya sa nake bin labarin garin, ina tambayar masu zuwa, ina kuma karanta abin da ya zo hannu.

Da farko dai mai karatu ya san girman wurin da muke magana. Alƙahira da kewayenta, wato har da Giza da Shubra al-Khaima, na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kusan ɗaya cikin biyar na duk Misirawa. An aza harsashin garin a shekarar 969, kuma tun can garin ciniki ne. Da Mansa Musa na Mali ya biyo ta nan zai je Hajji a 1324, zinariyar da ya kashe da wadda ya rabar sai da ta karya farashin zinariya a kasuwannin garin. Kasuwar Khan al-Khalili da mutanenmu ke zuwa sayen tsaraba tun ƙarshen ƙarni na 14 take ci.

A zamanin Jamal Abdul Nasir gwamnati ce ta ɗauki nauyin masana'antu da kanta. An kafa kamfanin ƙarfe na Helwan a kudancin birnin a 1954, ya fara aiki a 1958, aka kafa kamfanin haɗa motoci na Nasr shi ma a Helwan, ga masaƙu jingim a Shubra al-Khaima ta arewa. A 1961 gwamnati ta karɓe manyan kamfanonin 'yan kasuwa ta mayar da su nata. A lokacin duk wanda ya samu aiki a Helwan ya gama da talauci a ganin mutane. To amma injuna suka tsufa, bashi ya taru, har a watan Janairun 2021 aka yanke hukuncin rufe kamfanin ƙarfen, ma'aikata wajen 7,000 suka koma gida. Kamfanin motocin ya tsaya cak a 2009, sai a 2024 aka sake tayar da shi yana haɗa manyan motocin safa. Wanda ya san yadda Kakuri ta Kaduna take da, ya kuma ga yadda ta koma, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Da Anwar Sadat ya buɗe ƙofa ga masu jari a 1974, sai aka ɗauki wata hanyar: a fita daga cikin gari a gina sababbin garuruwa a hamada. Aka kafa birnin 10 ga Ramadan a 1977 ta gabas, da birnin 6 ga Oktoba a 1979 ta yamma, aka ba masu masana'antu fili da araha tare da yafe musu haraji na shekara 10. Yau can ake saƙa darduma da kafet, can ake yin magani da tayil da madarar kwali da firji. Ma'aikata da yawa ba su tare a can ba, kullum da asuba motocin kamfani ke kwasarsu daga tsofaffin unguwanni su dawo da su da dare. Daga baya gwamnatin ma kanta ta bi sahu. A 2015 aka sanar da gina sabon birnin mulki mai nisan kilomita 45 gabas da Alƙahira, aka kafa bene mai tsawon kusan mita 400 wanda babu kamarsa a Afirka, kuma a 2023 ma'aikatu suka fara tarewa.

Wannan duk shi ne ɓangaren da ake nunawa a talabijin. Amma abincin talakan Alƙahira yana cikin lunguna ne, a ƙananan wuraren sana'a da suke kira warsha, inda maigida da 'ya'yansa da yara uku ko huɗu ke ɗinki, ko ƙira, ko yin takalmi, ko zuba roba. Sama da rabin mutanen birnin a unguwannin da aka gina ba da tsarin hukuma ba suke zaune, kuma nan ne waɗannan warsha suka fi yawa. Kowace sana'a da layinta: kayan waya da na lantarki a titin Abdul Aziz, kayan gyaran mota a Taufiƙiyya, gwanjo da yadi a Wikalatul Balah, yankan dutsen marmara a Shaƙƙus Su'uban, maƙeran zinariya a Sagha. Jallabiyar da muke ratayewa a shago, da yawa daga irin waɗannan ɗakuna ta fito. To waɗannan mutane su ne hukuma ke bi ɗaya bayan ɗaya tana cewa su tattara su koma bayan gari, kuma nan ne maganar tawa take.

Mu fara da kasuwar Raudul Faraj, wadda ita ce Mile 12 ɗinsu. A nan ake sauke kayan miya da kayan marmari na duk birnin, a tsakiyar gari kusa da Kogin Nilu. Da yawa daga cikin manyan dilolinta baƙi ne irinmu, Sa'idawa ne daga kudancin Masar, waɗanda suka zo cirani suka kafu, kowa yana jawo ɗan garinsu. Hukuma ta ce manyan motoci sun toshe hanya, ƙazanta ta yi yawa, a koma sabuwar kasuwar Ubur da aka gina kan hanyar Isma'iliyya. Dilolin suka ƙi, aka yi ta shari'a ana kai ruwa rana, amma a 1994 aka rufe Raudul Faraj aka koma Ubur, aka haɗa har da 'yan kifi na Gamra. Yau Ubur ce ke yanke farashin tumatir a Alƙahira. Shekara ɗaya bayan haka, a 1995, aka ɗauke kasuwar raƙuma daga Imbaba aka kai ta Birƙash, wajen kilomita 35 daga gari, kuma har yanzu raƙuman Sudan can ake kai su. Masu ƙarfi sun yi turjiya, ga kuɗi ga lauyoyi, amma tashi bai fasu ba.

Sai majema. Shekaru aru-aru ana jimar fata a bayan katangar Majral Uyun cikin tsohon gari, ruwan sinadari na kwarara a lungu, wari kuwa ba a magana. Gwamnati ta gina musu garin fata sukutum a Rubiki, kusa da birnin Badar, mai injuna na zamani da wurin tace ruwa, kuma daga 2016 zuwa 2019 aka kwashe su aka rushe tsohuwar majemar. Abin lura shi ne yadda aka yi rabon. An bi an ƙidaya majemu an auna faɗin kowace, sannan aka ba mai ita zaɓi, ko fili a Rubiki ko kuɗi. Masu ƙarfi suka karɓi fili suka sayi sababbin injuna, suna fitar da fata Turai. Masu ƙaramin jari da yawa suka karɓi kuɗi, domin ba su da abin sayen inji ko na jigilar ma'aikata zuwa hamada kullum, daga nan sana'ar iyaye da kakanni ta ƙare musu. Leburan da ke wankin fata a biya shi da yamma kuwa, shi da ma ba majema gare shi ba ballantana a auna.

Akwai kuma tashin da bai yi kyau ba sam. A watan Agustan 2014 aka share 'yan tebur daga manyan titunan tsakiyar gari aka zuba su a filin ajiye motoci na Turjuman. Wuri ne mai shara, amma mai saye ba ya bi ta nan. Mutum ya wuni bai yi ciniki ba, bayan ɗan lokaci da yawa suka watse. Mu 'yan kasuwa mun san wannan ba sai an faɗa mana ba: mai tebur ƙafar mutane yake ci, in ka raba shi da hanya ka raba shi da abinci.

Yanzu ga waɗanda suka fi ba ni sha'awa, wato zabbalin, 'yan bolar Alƙahira. Su ma baƙi ne, Kiristoci Kibɗawa daga ƙauyukan Asyut da kewaye, waɗanda suka fara zuwa tun wajen shekarun 1940. An sha korarsu daga wuri zuwa wuri, har wajen 1970 aka tashe su daga Imbaba suka koma gindin dutsen Muƙaɗɗam, a Manshiyyar Nasir. Gida-gida suke bi suna karɓar shara, su kai unguwarsu, mata da yara su tsince: roba gefe, kwali gefe, ƙarfe gefe, ragowar abinci a ba aladun da suke kiwo. Masu bincike sun ce kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso suna mayar da shi abin amfani. A 2003 gwamnati ta ba kamfanonin Sifen da Italiya kwangilar kwashe sharar birnin, aka sa kuɗin a takardar wutar lantarki. Sai ga shi motocin kamfani ba sa shiga lungu, mutane kuma sun saba a hau bene a karɓa a bakin ƙofa. Ala tilas kamfanonin suka koma suna ɗaukar zabbalin ɗin aiki. A 2009 aka kashe aladunsu wajen 300,000 saboda tsoron murar aladu, ragowar abinci ya taru a tituna yana ruɓa. Daga baya hukuma da kanta ta dawo tana yi musu rajistar ƙananan kamfanoni tana ba su unguwanni.

Me ya tsare su? Ba son su ake yi ba, har gobe ana toshe hanci in sun wuce. Abin da ya tsare su shi ne sun iya abin da wani bai iya ba, sun haɗa kai, kuma ba su tsaya ga tsinta ba. A cikin unguwar tasu akwai injunan niƙa roba da na wanke ta da na mayar da ita ƙwaya-ƙwaya, masana'anta na zuwa saye a hannunsu. Wanda masana'anta ke jira ya kawo mata kaya, da wuya a share shi a dare ɗaya.

Misali na ƙarshe na ɗan kasuwa ne irin iyayenmu. Marigayi Mahmud al-Arabi ɗan ƙauye ne daga Manufiyya, ya zo Alƙahira yana yaron shago. A 1964 ya buɗe nasa shagon a Muski, daga baya ya zama wakilin Toshiba a Masar, kuma a 1982 ya kafa masana'antar yin fanka a Banha. Kafin rasuwarsa a 2021 kamfaninsa na ciyar da dubun-dubatar ma'aikata. Da ya tsaya ga shigo da kaya kawai, da kowace faɗuwar kuɗi sai ta girgiza shi har gindi. Kuma fam ɗin Masar ya sha faɗuwa: a Nuwamban 2016 dala ta tashi daga ƙasa da fam 9 zuwa wajen 18 cikin 'yan makonni, a Maris ɗin 2024 kuma ta tashi daga wajen 31 zuwa wajen 50 a yini ɗaya. Mai ƙerawa ma yana jin jiki, don akwai kayan haɗin da sai da dala, amma yana da abin da zai rage da abin da zai maye da na gida. Mai saro zalla ba shi da wannan. Mu da muka ga yadda naira ta yi daga 2023 zuwa 2024 mun ɗanɗana.

To jama'a, mu dawo gida. An rufe Mile 12 a watan Maris na 2016 bayan rikici, aka kuma yi ta maganar mayar da ita Imota. An ba Alaba Rago wa'adin tashi a 2022, daga baya buldoza ta shiga. A watan Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Ikko. A 2023 gwamnatin Abiya ta ce kasuwar shanu ta Lokpanta ta koma ta yini, ba kwana a ciki. A Janairun 2025 aka hana 'yan bola yawo a cikin Abuja. Kowane lokaci abin da muke yi ɗaya ne: mu yi kuka, mu tura wakilai wurin manya, a yi hoto, a dawo a jira na gaba. Na san akwai ƙabilanci a cikin wasu abubuwan da ake yi mana, ban musa ba. Amma dilolin Raudul Faraj Misirawa ne a ƙasarsu, harshe ɗaya da gwamnan da ya tashe su. Duk garin da ya cika ya batse, filin tsakiyarsa ya yi tsada, sai ya tura kara da mayanka da 'yan gwari da 'yan gwangwan waje. Kuma waɗannan su ne sana'o'inmu.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, cikin ladabi, su dubi abu uku. Na farko takarda. Kowace kasuwa ta samu littafin da ya ƙunshi sunan kowa, mai rumfa da mai tebur da ɗan dako da yaron shago, da shekarar da ya zo. A adana rasiɗin duk kuɗin da aka biya hukuma. Rumfuna nawa ne a cikinmu aka saya da musafaha da shaidu biyu kawai? Wani zai ce takarda ba ta hana rusau, an rushe masu takarda ma. Haka ne. Amma ranar rabon sabon wuri ko diyya da littafi ake zuwa, kuma wanda babu sunansa kamar bai taɓa zama a wurin ba ne. Wani kuma zai ce rajista haraji take jawowa. To yanzu ba ma biya ne? Kullum muna biya a hannun masu yankar tikiti, sai dai babu shaidar da za mu nuna gobe.

Na biyu ƙungiya ta gaske, mai rajista da asusun banki da lauya, wadda za ta je teburin shawara kafin a zana sabuwar kasuwa, ta tambayi ina hanya, ina ruwa, ina wurin sauke kaya, ina masaukin 'yan dako, nawa ne kuɗin rumfa kuma shekara nawa za a biya. Bambancin Ubur da Turjuman ke nan, ɗaya kasuwa ce da aka gina don ciniki, ɗaya fili ne da aka zuba mutane don a huta da su. Mu dubi maƙwabtanmu Inyamurai masu kayan gyaran mota: da Idumota ta matse, ƙungiyarsu ce ta nemi wuri a Trade Fair suka gina da kuɗinsu. Mu kuwa sau da yawa zaman 'yan marina muke yi, kowa da inda ya sa gaba, kasuwa ɗaya shugabanni uku. Kuɗin da muke tarawa na bikin naɗin sarauta da an sayi fili da shi a bayan gari, da yanzu ya ninka.

Na uku ya fi shafar mu matasa. Mu ne ke kawo shanu, amma fatar a tukunya take ƙarewa a matsayin ganda, takalmin kuma mu saya daga waje. Mu ne ke kawo tumatir, wanda ya kwana biyu a zubar. Mu ne ke tsintar ƙarfe da roba rana na dukanmu, mu sayar a kilo ga masana'antun Ikorodu da Ogijo, su narka su samu ribar. Me zai hana samari goma su haɗa kuɗi su sayi injin niƙa roba guda ɗaya? Me zai hana ɗan mai shagon yadi kamata ya koyi yanka da ɗinkin jallabiyar nan, maimakon jiran ta zo daga Muski? Na fara zuwa wurin wani tela da yamma in an rufe shago, kuma na ga abin ba gagara ba ne, haƙuri yake so. Rumfa ana iya rushe ta da safe ɗaya, amma abin da hannu ya iya da shi mutum zai tafi duk inda aka kai shi.

Ban ce duk abin da hukumar Masar ta yi daidai ne ba. Ta fi kula da mai babban jari, ta bar lebura da mai tebur a rana, kuma a can ba kowa ke iya ɗaga murya ba. Mu a nan muna da bakin magana, muna da kotu, muna da katin zaɓe in mun yarda mun mayar da shi inda muke zaune maimakon mu bar shi a ƙauye. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin sunaye da asusun ƙungiya yanzu ake yin su, tun kafin a manna takardar wa'adi a bakin kasuwa.

Wanda yake zuwa Alƙahira saro, ko ɗalibanmu da ke can, in da abin da za su ƙara bismillah, zaure na kowa ne. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalam.

Naku,
Ɗan Agege